Yadda Za A Kula Da Ƙaramin Yaro Ko Mara Jiki A Wuraren Lilo

Da yawa daga cikin lilo da jiragen wasa a manyan wuraren shaƙatawa suna da allo a bakin layi da ke nuna mafi ƙarancin tsawon da ake buƙata, wani santimita 90, wani 102, wani kuma 122 ko sama da haka. Dalili shi ne an ƙera sandar ƙarfen da ke sauka a kan cinya, da madaurin da ke bi ta kafaɗu, daidai da jikin mutum mai wani girma. Don haka kada a sa wa yaro takalmi mai tudu, ko a ce ya yi ɗage, domin kawai ya kai ma'aunin.

Sai dai tsawo kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan ne iyayen yara marasa jiki suka fi buƙatar lura. Siririn yaro na iya cika tsawon da aka gindaya, amma idan ya zauna sai a ga sarari tsakanin cinyarsa da sandar. Da zarar ma'aikaci ya kulle sandar, a sa hannu a gwada, a duba ko bayan yaron ya jingina sosai da kujera, kuma ko zai iya zamewa ta ƙasa ko ya zaro ƙafarsa. Idan zai iya, a kira ma'aikacin nan take a sauke shi kafin inji ya tashi. Haɗarin ya fi girma a kujerar da sanda ɗaya ke tsare mutum biyu, domin sandar tana tsayawa ne a kan cinyar babba, ƙaramin kuma ya zauna a sake ba tare da komai na riƙe shi ba. A irin wannan kujera, zaman uba ko uwa a gefensa shi ne ma yake ƙara buɗe sararin.

A lilon da ke juyawa, ƙarfin juyin yana tura kowa zuwa waje, saboda haka babba ne ya kamata ya zauna ta gefen waje, don kada nauyinsa ya danne yaron, sai fa idan ma'aikaci ya ba da wani umarni dabam. Haka kuma kan ƙaramin yaro yana da girma idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, shi ya sa ya fi dacewa a guji jiragen da ke fizga ko tsayawa kwatsam. A ɗaure gashi, a kuma cire duk wani tufafi mai reto.

Gidan roba da ake hura wa iska yana kama da abin da ba shi da illa, amma karo da manyan yara yakan jawo karaya. A bar yaron ya shiga tare da sa'anninsa kawai, kuma a fitar da shi idan iska ta taso, domin hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta Birtaniya ta hana amfani da irin wannan gida idan gudun iska ya wuce kilomita 38 a awa ɗaya.

Kafin a shiga layi, a tsaya tare da yaron a kalli zagaye ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ya nuna tsoro kada a lallashe shi ya hau, domin yaron da ya firgita shi ne yake ƙoƙarin miƙewa ko fita alhali inji na gudu. Wanda ramarsa ta samo asali daga rashin lafiya kuwa, a nemi shawarar likitansa tun kafin ranar tafiya.