Kurakuran da ke kashe igiyar fitilun WS2812B

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini igiyar fitilun WS2812B, wato igiyar ƙananan fitilun LED da ake sarrafa launin kowanne da kod, ana cewa "Malam, ta lalace" ba, alhali lafiyarta ƙalau, haɗin ne bai yi ba. Na gaji da nanata magana ɗaya.

Babbar matsalar ita ce wuta. Kowane ƙwai a igiyar nan launi uku ne a cikinsa, ja da kore da shuɗi, kowanne yana jan kusan 20mA. In ka kunna fari da cikakken haske, ƙwai ɗaya ya sha 60mA ke nan. Igiya mai mita 5, ƙwai 60 a kowace mita, ƙwai 300 ne, wato amfiya 18. Amma sai ka ga an jona wannan duka a ƙafar 5V ta Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ke sarrafa fitilun, wadda ita ma daga USB na kwamfuta take sha, shi kuwa 500mA yake bayarwa.

Wannan kuskuren ya taɓa cin kuɗina. Saura kwana uku ƙaramar Sallah wani tela ya ba ni aikin ƙawata allon shagonsa. Na ba Uno wuta da adafta mai 12V, na ja igiyar daga ƙafar 5V. A gida ƙwai kaɗan na gwada, da ja kawai, komai ya yi. Da daddare a shagon na sa fari. Ba a jima ba wari ya tashi, ragiletar da ke kan Uno, mai rage 12V zuwa 5V, ta ƙone, ta saki 12V cikin igiyar, ƙwai ko ɗaya bai tsira ba. Da kuɗin aljihuna na sake sayen komai, ga kunyar mutumin da ya yarda da ni. Tun daga ranar igiya da nata adafta mai 5V daban, waya mai kauri, da fis. Ina shigar da wuta ta kai da ta wutsiya, in igiyar ta yi tsawo har ta tsakiya. In ka ga farin ya koma ruwan ɗorawa can ƙarshe, wutar ce ta rage a hanya. A FastLED kuma, laburaren kod na sarrafa fitilun, kullum ina saka setMaxPowerInVoltsAndMilliamps mai iyakance wutar da igiyar za ta ja, ko da adaftar ta isa.

To, ku da kuka raba wutar, me ya hana ku haɗa GND, wato wayar nagatif? Wannan ne ke ɓata mini rai. Mutum ya kwana yana canza kod, yana zagin laburare, fitilu na ƙiftawa da launin da suka ga dama, duk saboda waya ɗaya! Saƙon da allon ke aikawa da GND ake auna shi. In nagatif ɗin adafta bai haɗu da GND na allon ba, igiyar ba ta san me ake ce mata ba. GND nake fara jonawa, shi nake cirewa a ƙarshe.

Masu amfani da allon ESP32 maimakon Uno su sani saƙonsu 3.3V ne, igiyar kuwa kusan 3.5V take nema in tana kan 5V. Yau ya yi, gobe ya ƙi. Ni ba na caca, 74AHCT125, ƙaramin cip mai ɗaga saƙon zuwa 5V, nake sakawa tsakani.

Dubi kibiyar da ke jikin igiyar, ta DIN saƙo ke shiga. Rizista 330 ohm a wayar saƙo dab da ƙwan farko, kafasita 1000µF a bakin wutar. In ka ce ja ya fito kore, jerin launin WS2812B GRB ne (kore, ja, shuɗi), gyara shi a kod. In babu abin da ya canza ko kaɗan, duba ko ka kira show(), umarnin da ke aika launukan zuwa igiyar. Uno kuma 2KB ne ƙwaƙwalwar aikinta, kowane ƙwai na cin bayit 3, ƙwai 300 sun cinye kusan rabi kafin ka rubuta komai.