Kurakuran da ɗaliban digiri na uku suka fi yi wajen gabatar da maƙala a taro

Ɗalibin digiri na uku da ya tashi daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Jami'ar Jihar Gombe zuwa taron masana, sau da yawa minti 15 kacal ake ba shi, kuma babban kuskurensa shi ne ƙoƙarin cusa kundinsa gaba ɗaya a cikinsu. Sai ya fara da jero gaisuwa ga manyan baƙi, ya shiga tarihin matsalar, ya bi ayyukan magabata ɗaya bayan ɗaya, kafin ya iso ga sakamakon bincikensa shugaban zama ya riga ya miƙo masa 'yar takarda cewa saura minti 2. Abin takaici ne, domin sakamakon nan shi ne abin da mahalarta suka zo ji, kuma shi kaɗai ne ba za su samu a ɗakin karatu ba. Gyaran shi ne ya zaɓi tambaya guda daga kundin, ya faɗi abin da ya gano tun a mintunan farko, sannan ya bayyana hanyar da ya bi da dalilin da zai sa a yarda da ita. Lallai ne kuma ya gwada jawabin da agogo a gaban abokan karatunsa, da babbar murya, domin karatun zuci ya fi na baki sauri ƙwarai.

Na biyu shi ne cika allon PowerPoint da dogayen sakin layi, mai gabatarwa ya juya wa jama'a baya yana karantawa. Jadawali ɗaya mai manyan alƙaluma da na bayan ɗaki zai iya gani ya wadatar a kowane shafi. Ya kuma riƙe kwafin takarda, saboda wuta takan ɗauke, majigi yakan ƙi aiki.

Lokacin tambayoyi ma yana da nasa tarkon. Wasu sukan ɗauki gyara a matsayin cin fuska su shiga musu, wasu kuma su amince da duk abin da farfesa ya faɗa don kunya, ko da hujja tana hannunsu. Abin da ya dace shi ne ya rubuta tambayar, ya amsa a taƙaice cikin ladabi, idan kuma bincikensa bai taɓo batun ba ya faɗi haka kai tsaye, ya nemi mai tambayar bayan an tashi domin su ƙarasa maganar.