Wace taswira za ka saka a waya kafin ka tsallaka boda da mashin?

Salam 'yan uwa masu harkar mashin, musamman namu na nan Zariya da ke shirin bugawa Maraɗi ko Damagaram ko Kwatano, har da masu dogon buri da ke hangen Kumasi. Maganar taswira nake so mu yi, don ita ce abin da mutane ke bari sai ranar tafiya, alhali taswirar da za ta fisshe ka a ƙasar wasu ita ce wadda ka riga ka sauke cikin wayarka tun kana gida, wadda ba ruwanta da netwok.

Da yawa suna zaton GPS da data yake aiki, ba haka ba ne. Wayarka tana sauraron taurarin ɗan adam ne kai tsaye, suna can sama wajen kilomita 20,000, in ta kama aƙalla 4 ta san inda kake tsaye, ko babu layi a cikinta, kyauta kuma. Abin da ke cin data shi ne zanen hanyoyin da sunayen garuruwa. Toh kana wuce Jibiya ka shiga Ɗan Isa layinka na Najeriya ko dai ya ɗauke ko ya shiga romin, wato ya hau netwok ɗin ƙasar waje, ya cinye maka kati kafin ka ankara, sai ka ga ɗigon shuɗin nan mai nuna inda kake yana yawo a farin sikirin ba titi ba gari. Shi ya sa nake cewa a sauke tun a gida.

Google Maps kowa ya san shi, kuma a cikin birni gaskiya babu kamarsa, gidan mai, masauki, masallaci, asibiti, wurin cin abinci duk zai nuna maka. Tun 2019 ma suka ƙara tsarin mashin a Najeriya da Benin da Togo da Ghana. Yadda ake sauke shi: ka taɓa hotonka da ke sama, ka shiga Offline maps, ka ja akwatin ya rufe yankin da za ka bi. Amma ka sani akwatin yana da iyaka, doguwar tafiya sai ka yi ta jera su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka tabbatar bakin wannan ya hau kan wancan kada a samu giɓi a tsakiya. Yana da wa'adi kuma, in ya daɗe ba a sabunta ba sai ya mutu. Babbar matsalata da shi ita ce a daji baya faɗa maka ko kwalta ce ko burji ko rairayi, layi ne kawai ya ja, shi dai ya kai ka da wuri.

Anan ne masu amfani da OpenStreetMap suka fi shi. Ita wannan taswira ce ta gayya, tun 2004 mutane ke zana ta da hannunsu kowa yana ƙara abin da ya sani na yankinsa, kuma manhajoji da dama da ita suke aiki. Biyu zan ambata. Organic Maps kyauta ce, ba talla, ba nauyi, ka zaɓi ƙasa ka sauke shikenan, ko wanda bai saba da waya ba zai iya. OsmAnd kuwa tana da wuyar sabo, maɓallai sun yi mata yawa, ranar farko za ta iya ɓata maka rai, amma wallahi in ka zauna da ita ka fahimce ta ba za ka so rabuwa da ita ba. Tana da tsarin mashin nata, za ka iya ce mata ta kauce wa hanyar da ba kwalta, kuma in ka kunna nuna yanayin titi za ta bambance maka kwalta da jar ƙasa da turbar amalanke a wuraren da masu zanen suka rubuta. Ga mai Boxer da ya ɗaura jaka da galan a baya, da damina, wannan bayanin ya fi komai tsada. OsmAnd ta kyauta sau 7 take bari ka sauke taswira, don haka ka lissafa ƙasashenka kafin ka fara dannawa.

Shawarata a taƙaice, ka riƙe biyu: OsmAnd ko Organic Maps a hanya, Google in ka shiga gari. Waze, wata manhajar nuna hanya, ka manta da shi, sai da intanet yake numfashi.

Wasu suna tambaya a kan Garmin, na'urar GPS mai zaman kanta, irin su Zumo XT da aka yi musamman don mashin. Kaya ne mai kyau, ruwa baya shigarsa, ana ganin sikirin ɗinsa a tsakar rana, yana jin taɓi ko da safar hannu. Sai dai tsada, sannan wanda aka shigo da shi daga Turai ko Amurka yawanci taswirar can ce a cikinsa, dan Allah ka sa mai sayarwa ya kunna ya nemo maka Maraɗi a gabanka kafin ka biya. Ana iya ɗora masa taswirar OpenStreetMap, ko ta Tracks4Africa ta 'yan Afirka ta Kudu, ita kuma ƙarfinta ya fi a kudanci da gabashin nahiyar. In tafiyarka Nijar ce ko Benin, ka ajiye kuɗinka ka sayi taya mai kyau.

Kafin ka yarda da kowace taswira ka gwada ta a inda ka sani. Ka sa wayar a yanayin jirgi, ka tsaya Kwangila ka ce ta kai ka Samaru, ko daga PZ zuwa Ƙofar Doka ta cikin Tudun Wada, ka ga inda za ta bi da kai, ka saba da muryar, ka ga in ka sauka daga hanya minti nawa take ɗauka kafin ta sake lissafi. Daga nan ka ɗan matsa wajen Giwa ko Soba inda ƙauyuka suke. Nan za ka gane halinta.

Sai sunayen garuruwa, wannan yana ɗaure wa mutane kai sosai. Ƙasashen renon Faransa da rubutun Faransanci suke a taswira. In ka rubuta Damagaram wata manhajar ba za ta gane ba sai ka sa Zinder, Yamai Niamey ce, Tawa Tahoua, Tasawa Tessaoua, Dogon Dutse Dogondoutchi, Kwatano Cotonou, Garwa ta Kamaru Garoua. Ka rubuta su a takarda ka saka a aljihu. Mafi sauƙi ma, mai masaukinka ya turo maka lokeshan ta WhatsApp tun kana gida ka adana shi da tauraro. In lambobin lokeshan ya turo ka kwafe su daidai, musamman na Ghana, don Kumasi tana yamma da layin Greenwich, lambarta ta biyu da ɗan layin ragi take a gaba, in ka yar da shi taswira za ta jefa ka can wajen iyakar Togo da Benin.

Yanzu ga inda nake roƙon ku da babbar murya. Taswira ba ta san tsaro ba, ba ta san boda a rufe take ko a buɗe ba. Mun ga yadda aka rufe iyakokin Najeriya a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, mun ga yadda aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk wannan lokacin manhaja tana nan tana ja wa mutum layi ta Jibiya da Kongolam da Illela kamar ba abin da ya faru. Haka za ta iya yanke maka hanya ta dajin Birnin Gwari ko ta wani lungun Zamfara don ta rage maka tafiya. Akwai kuma yankuna a Nijar, irin Diffa da Tillaberi, da aka taɓa hana hawa mashin gaba ɗaya saboda dokar ta-ɓaci, ga Legas da ta hana acaba a manyan tituna da dama in ta bodar Seme za ka fita zuwa Benin, ga Kwatano da mashin ke da nasa layin a gefen wasu manyan hanyoyi kuma 'yan sanda ba sa wasa da hular kwano. Don haka kai za ka tsara hanyarka, gari bayan gari, ka diddiga su a manhajar ta bi umarninka, ka je tasha ka zauna da direbobin da ke bin hanyar kullum ka ce ranka ya daɗe yaya hanyar take a satin nan. Kuma ka shiga ta bodar hukuma inda akwai kwastam da jandarma, ko da taswira ta nuna maka wata ɓarauniyar hanya a gefe, a buga maka hatimi, takardun mashin da inshora da katin rigakafin shawara suna jikinka.

Ita kanta wayar sai an kula da ita. Zafin Maris da Afrilu in ya haɗu da caji da sikirin a kunne kan kan mashin, za ta yi zafi ta kashe kanta. Girgiza kuma tana lalata kyamara, kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a kan haka a 2021. Abin da ya fi, ka samu tsohuwar waya mai batir mai ƙarfi a PZ ka mayar da ita ta taswira zalla, ka ɗaure ta da mariƙi mai roba, taka ta kirki tana cikin jaka da kwafin taswirar ita ma. Bakanike ya ja maka wurin caji daga batirin mashin da fiyus, amma ta bayan makulli, kada ya tsotse batirin cikin dare. Ka riƙe fawa bank da igiyar caji biyu, don ƙurar hunturu tana cika ramin caji, da ledar da za ka rufe wayar in hadari ya taso. In za ka duba taswira ka sauka gefen titi ka tsaya tukuna, kada ka latsa kana gudu.