Yadda ake gina taku a tseren tsallake shinge na mita 400

Edwin Moses, ɗan Amurka, ya ci tsere 122 a jere daga 1977 zuwa 1987, ga zinaren Olamfik na 1976 da na 1984. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne taku 13 tsakanin kowane shinge biyu, tun daga farko har ƙarshe, lokacin da abokan karawarsa ke ƙara taku da zarar gajiya ta kama su.

A fara da awo. Shingaye 10 ne. Daga wurin tashi zuwa na farko mita 45, tsakaninsu mita 35, daga na ƙarshe zuwa layin gamawa mita 40. Tsayin na maza santimita 91.4, na mata 76.2.

Kada mai koyo ya ce sai 13. Idan aka cire mita uku da ɗoriya da tsallaken ke cinyewa, taku 13 na bukatar kowane taku ya kai kusan mita 2.4, shi kuwa 15 kimanin mita 2.1. Moses dogo ne. Mai koyon da ya tilasta wa kansa taku 13 zai riƙa miƙa ƙafa fiye da ƙima, diddige ya sauka gaban jiki, gudun ya mutu. A jera shingaye uku, a sa wani ya ƙirga takun, a riƙe adadin da ya zo ba tare da wahala ba.

Adadi mara, kamar 13 ko 15, yana kawo ka shinge da ƙafa ɗaya kullum. 14 kuwa sai an riƙa sauya ƙafa. Don haka a koyi tsallakewa da duka biyun tun ana kan gajerun shingaye. A inda hanyar tseren ta yi kwana, ƙafar hagu ta fi dacewa ta shiga gaba. Mai shiga da dama yakan ja ta hagu ta gefen shinge, ƙasa da bakinsa, kuma wannan kaɗai ya isa a soke tserensa.

Wajen shinge na biyar zuwa na bakwai ƙafa ke fara nauyi. A tsayar da inda za a ƙara taku tun a atisaye. In aka bari sai an iso dab da shinge, sai a kama daddatsa taku, a yi sama maimakon gaba, a sauka ba gudu.