Kurakuran da masu koyon Turanci suka fi yi da kalmar see

Na daɗe ina gyara wa masu koyon Turanci rubutu, kuma kalma mai harafi uku ce ta fi ba ni ciwon kai: see. Kowa gani yake ya san ta tun yana aji ɗaya, shi ya sa ba mai tsayawa ya bincike ta.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne "I am seeing". Mu da Hausa "ina ganinka" muke cewa, sai mutum ya kwaso wannan ya juye shi cikin Turanci yadda yake. Bature kuwa, in ganin ido yake nufi, "I can see you" zai ce. Da ka ce "I am seeing" wani, magana ta canza: ko dai kun sa lokacin ganawa, kamar "I am seeing the doctor tomorrow", ko kuma soyayya kuke yi. Wannan ta biyun ce ta taɓa jefa ni cikin tsaka mai wuya. Ina sabon ma'aikaci, na ce wa wani babba a wurin aikinmu, wanda Turanci ne harshensa na gado, "I am seeing your daughter these days." Ni dai nufina ina hango 'yarsa a hanya in na fito da safe. Ya ajiye alƙalami, ya cire tabarau, ya dube ni, bai ce uffan ba. Kusan wata biyu da ƙyar yake amsa gaisuwata, sai da wani abokin aiki ya gano inda gizo ke saƙar, ya je ya warware masa. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: muddin ido nake nufi, sai na sa kalmar "can" a gaban see. Wasu malamai za su kawo maka wuraren da seeing ta halatta, kuma gaskiyarsu ne, amma mai koyo ya riƙe "can see" tukuna.

Sai oversee da overlook, kuma a nan ba na karɓar uzurin kowa. Oversee ita ce kula da aiki da sa masa ido. Overlook kuwa abu ya wuce ka ba ka lura ba, ko ka gani ka kau da kai. Na taɓa karanta takardar neman aiki ta wani yaro mai ƙwazo, ya rubuta "I overlooked five projects." Haba ɗan'uwa! Da hannunka ka shaida wa masu ɗaukar aiki cewa ayyuka biyar ka yi wa sakaci. Minti ɗaya da ƙamus da ya ishe ka, ga waya a hannu, amma don see da look sun yi kama a ma'ana sai ka yanke hukunci da ka. Ita kuma oversight baki biyu gare ta, tana nufin kulawa, tana nufin kuskuren rashin lura. Ni na daina sa ta a wasiƙa, supervision ko mistake nake rubutawa, kowa ya huta.

Bambancin see, look da watch bai kamata ya wahalar da Bahaushe ba, don muna da gani, duba da kallo. Sai dai look tana buƙatar at kafin abin da ake dubawa, "look at me". Talabijin watch ake yi masa, amma fim a silima see ma ta yi.

Bayan did, see ce ke zuwa, "did you see", ban da saw. Bayan have kuma seen. In kana bayani aka ce maka "I see", na gane ake nufi, ba ruwan ido a ciki. "See someone off" raka matafiyi ne, "see to it" kuma ka tabbatar an yi abu. In aka ce maka "we'll see", kada ka ɗauka alƙawari aka yi maka.

Masu fassara labarai kuma su kula da Holy See. Wannan wata kalma ce daban, daga sedes ta Latin mai nufin kujera, kuma fadar Paparoma ake nufi. Na ga an fassara ta da "gani mai tsarki", na kuma ga wanda ya rikita ta da sea ya mai da ta teku.