Yadda ake mayar da akwatin bayan Harley na cirewa da mayarwa

Duk wanda ya hau manyan babura irin su Electra Glide Ultra ko Ultra Limited ya san wannan ƙaton akwatin da ke bayan fasinja, wanda su kamfanin Harley-Davidson suke kira Tour-Pak. Idan tafiya ce mai nisa kamar Kano zuwa Abuja ba abin da ya kai shi daɗi, hular kwano biyu na shiga ciki, madam ta jingina bayanta har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Amma ka shiga cikin gari da shi cikin cunkoson 'yan adaidaita, nan za ka san nauyin nan a sama yake kuma can baya, kana rage gudu mashin ɗin yana neman kwanciya. Shi ya sa ake mayar da shi na cirewa, ranar tafiya ka ɗora, ranar yawon gari ka sauke ka ajiye a gida. Aikin ba wuya amma na ga mutum uku sun ɓata shi, ni ne na huɗu.

Kafin ka taɓa sufana ka san shekarar mashin ɗinka, ta gaskiya ba wadda dila ya faɗa maka ba. Harley sun canza firam ɗin manyan baburansu na tafiya a 2009, suka sake canza jiki da wayoyin wuta a 2014, saboda haka kayan 2008 zuwa ƙasa daban, na 2009 zuwa 2013 daban, na 2014 zuwa sama daban. Yawancin waɗanda ke hannunmu na hannu ne daga Amurka, wani an yi hatsari da shi an haɗa da kayan wata shekarar, to duba lambar jikin firam ɗin a wuyan mashin. Abu uku za ka nema: ƙarafunan mazauni guda huɗu da ake ɗaurewa a jikin mashin, kariyar da akwatin zai zauna a kai mai ƙugiya biyu a baya, sai kayan wayar wuta. Na kamfani tsada kamar me, ga kuɗin jirgi ga canjin dala. Kariya ɗan China ni ban ƙi ba, amma mazaunan nan huɗu ka sayi na kirki ko da na hannu ne, su ne ke riƙe da komai. Kuma don Allah kar a kai wa mai walda ya ƙera, na ga an yi, bai wuce wata biyu ba ya tsage daga wajen waldar.

Sai kayan aiki. Notin Harley da inci ake auna shi ba milimita ba, rabin inci milimita 12.7 ne, sufana mai lamba 13 za ta shiga amma da ɗan wasa, kana matsawa ta cinye kan notin ya zama kamar goro. Nemi 7/16 da 1/2 da 9/16 da saitin Torx mai kan tauraro. Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, shuɗi, ban da ja, jan nan sai an gasa shi da wuta yake sakin noti.

Toh a fara. Cire jakunkunan gefe biyu, cire kujera, ka zare babban fis, a na 2014 zuwa sama yana bayan murfin gefen hagu. Idan naka yana da jiniyar ɓarayi ka kunna makulli tukuna rimot ɗin yana kusa sannan ka zare, in ba haka ba unguwa gaba ɗaya za ta fito. Shimfiɗa tsohon bargo a kan murfin tayar baya, fentin nan ba a samun irinsa a nan kusa. Buɗe akwatin, ɗaga shimfiɗar ciki, za ka ga wayoyin fitila da na sifika da na eriya, ɗauki hotonsu da wayarka kafin ka zare ko ɗaya. Kwance notikan ƙasan akwatin wani yana riƙe da shi, domin murfi a buɗe idan na ƙarshe ya fita baya yake kifawa. Bayan nan tsohon ƙarfen da yake zaune a kai shi ma ya fita, wannan ba sai na koya wa kowa ba.

Yanzu ga inda na sha wuya, kuma nan ne kowa ke faɗawa. Mazaunan nan huɗu, biyu gaba biyu baya, kamar 'yan ƙananan kwarkwaro suke. Bakin kariyar na gaba yana zura kansa a na gaba, ƙugiyoyin baya su sauka a kan na baya ka juya su su ce ƙas. To dabi'ar mutum idan ya sa noti sai ya ɗaure shi tam ya wuce na gaba, haka na yi, na ɗaure huɗun har da ƙarin ƙarfi, na ɗauko kariya, hagu ta zauna dama ta ƙi, tazarar ba ta fi kaurin ashana ba amma ƙugiyar ta ƙi rufuwa. Wani bakanike da ke taya ni ya ce ai sabo ne, a ɗan taɓa shi da guduma zai saki jiki. Aka taɓa. Ta rufu kam, sai dai rufuwar dole ce, kariyar a murɗe take, ban kai Zariya ba na fara jin ƙwas ƙwas a bayana duk ramin da na shiga, da na tsaya na duba ƙugiyar dama ta koma rabi, robar mazaunin ta cinye gefe guda. Da a ce ɗayar ma ta saki da akwatin nan yana kan kwalta, wata tirela ta bi ta kai.

Yadda ake yi shi ne, ka sa duk notikan da hannu kawai, su kama zare amma ƙarfen yana ɗan motsi. Ka ɗora kariyar ita kaɗai ba akwati, ka zura gaba, ka sauke baya, ka rufe ƙugiya biyun. Kariyar ce za ta ja mazaunan zuwa inda ya kamata su tsaya, ba kai ba. Tana ɗaure a haka za ka fara matse notikan, kaɗan a hagu kaɗan a dama, kar ka gama gefe ɗaya ka dawo ɗayan. Ka cire ta ka mayar kamar sau biyar, in dai da yatsa biyu ƙugiya ba ta rufuwa to ba ka gama ba, sassauta ka sake. Kuma kula da washa da 'yan zoben tazara da suka zo a ledar, kaurinsu ba ɗaya ba ne, na hagu da na dama suna iya bambanta, ka bi zanen takardar da ta zo da kayan ɗaya bayan ɗaya, ni nawa har da washa ɗaya da na juya wa wuri a cikin abin da ya jawo duk wannan. Sai komai ya zauna sannan ka zare noti ɗaya ɗaya ka ɗiga Loctite ka mayar, da sufanar awon ƙarfi in kana da ita, adadin yana cikin takardar. Guduma kuwa ko kusa da wajen kar ta zo.

Ɗora akwatin a kan kariya abu ne mai sauƙi, ramukan suna nan a ƙasansa, akwai na matsowa gaba akwai na ja baya, ni na gaba nake so saboda nauyin ya fi kusa da tsakiya, amma in mai hawa bayanka tana da jiki ka ba ta wuri a zauna lafiya. Farantin ƙarfen da ka tarar a cikin akwatin ka mayar da shi, kar noti ya zauna a kan roba kai tsaye, kana matsewa za ta tsage.

Waya kuma doka ɗaya ce, ba a yankewa a murɗa a naɗe da baƙin salatif. Na 2014 zuwa sama wata 'yar kwamfuta ce ke raba wuta tana kuma lura da abin da kowace fitila ke ja, haɗin gambiza zai sa ta fara kawo maka fitilar gargaɗi. Sayi wayar da aka yi don aikin mai soket a tsakiya, in kuma haɗawa za ka yi da kanka nemi soket irin Deutsch mai robar hana ruwa. Ka bar soket ɗin inda hannu zai kai ba sai an cire kujera ba, ka bar rarar waya kamar taƙi ɗaya, saboda rantsuwa zan iya yi wata rana sai ka ɗaga akwatin ka manta ba ka zare ba. Ɓangaren da ke zama a jikin mashin a nema masa murfi, ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa raga wa soket a buɗe.

Saura ƙananan abubuwa. Eriyar rediyo a jikin akwatin take, a mayar da ita gefen mashin da ɗan ƙarfenta ko a sa ta ɓoye a cikin gaban mashin. Duba ko lambarka da siginar baya a jikin abin da ka cire suke, in haka ne sai an yi musu sabon wuri a kan murfin taya, kar ka fita titi ba sigina 'yan Road Safety su same ka a sama. Sautin rediyo a turo shi sifikun gaba. Sayi ƙugiya mai makulli ko da guda ɗaya, abin da kai ka cire cikin minti ɗaya ɓarawo ma haka zai cire. Mayar da fis, gwada burki da sigina akwati a sama, sake gwadawa akwati a ƙasa, nauyin kaya kar ya wuce abin da aka rubuta a cikin murfin. Bayan tafiyar farko ka sake bin notikan mazaunan nan huɗu da sufana.