Yadda za ka karanta tarihin mawaƙan Urdu ba tare da marubutan tarihinsu sun yi maka wayo ba

Toh in kana son sanin su waye su Mir da Ghalib da Zauq, kar ka faɗa kan littafin farko da ya zo hannunka kawai, fara da jera su a kanka. Mir Taqi Mir an haife shi a Agra 1723, ya rasu a Lucknow 1810, ya ga ɓarnar da Nadir Shah sarkin Farisa ya yi wa Delhi a 1739 da wadda ta biyo baya, har dai ya tattara ya koma Lucknow a 1782. Ghalib shi ma ɗan Agra ne, 1797 zuwa 1869. Zauq kuma malamin sarki Bahadur Shah Zafar ne a harkar waƙa har ya rasu 1854, sai Ghalib ya gaji kujerar. Ka riƙe wannan don gaba zai yi maka amfani.

Sai ka san mene ne tazkira. Littafi ne da ake jera mawaƙa, kowa a ba shi ɗan taƙaitaccen bayani da wasu baitocinsa, kuma abin mamaki yawancin na farko da Farisanci aka rubuta su ba da Urdu ba. Mir kansa yana da nasa, Nikat-ush-Shu'ara, kuma mutumin bai iya ɓoye ra'ayi ba, wanda bai yi masa ba sai ya soke shi.

Yanzu ga inda aikin yake. Kowa zai ce maka karanta Aab-e-Hayat na Muhammad Husain Azad wanda ya fito 1880, eh karanta shi, wallahi mutumin ya iya ba da labari kamar kana zaune a wajen musha'ira, wato taron mawaƙa, ana ta jifan juna da baiti, amma kafin ka buɗe ka tambayi kanka waye malaminsa? Zauq ne. Mahaifin Azad abokin Zauq ne, kuma da Turawan Ingila suka kashe mahaifin a rikicin boren da Indiyawa suka yi musu a 1857, Azad da takardun waƙoƙin Zauq ya gudu daga Delhi. Mutum irin wannan kana jin zai yi wa Ghalib adalci? Ya ɗaga malaminsa sama sosai, Momin ma, wani babban mawaƙin zamaninsu, gaba ɗaya bai sa shi a bugun farko ba sai da aka yi ta surutu ya ƙara shi a na biyu, masu bincike daga baya har sun zarge shi da taɓa baitocin Zauq. Ni dai ina karanta shi don daɗi, kwanan wata kuwa sai na duba wani wuri.

Daga nan ka ɗauko Yadgar-e-Ghalib na Altaf Husain Hali, 1897. Shi ma almajirin Ghalib ne, to ka ga an yi kunnen doki, sai dai Hali ya fi natsuwa. A can za ka ga barkwancin Ghalib da son mangwaro da bashin da ya yi masa katutu.

In mawaƙin ya bar mana maganar bakinsa a rubuce, je ka can. Wasiƙun Ghalib suna cikin Urdu-e-Mualla, yana rubutu kamar hira, kukan fansho, kukan Delhi bayan 1857. Mir yana da Zikr-e-Mir, tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, amma shi ma ka yi hattara, abin da yake so a sani ya rubuta.

Ƙaramin abu da ke rikita sabon shiga shi ne takhallus, wato laƙabin da mawaƙi ke sawa a baitin ƙarshe na gazal, wani salon waƙarsu. In ka ga "Asad" kar ka ce wani ne daban, Ghalib ne tun yana matashi, sunansa Asadullah Khan. In ba ka jin Urdu kuma, Frances Pritchett da Shamsur Rahman Faruqi sun juya Aab-e-Hayat zuwa Turanci, waƙoƙin kuma shafin intanet na Rekhta ya tara su har da rubutun boko.